Hannun Yaya Garba da Gangunan Dogo

Abubuwan da na kusa rasawa a wannan jinya guda huɗu ne. Na farko hannun dama na yayana Garba. Na biyu sana'ar da ke cikin hannun, wadda ya gada wurin mahaifinmu. Na uku lafiyar 'yata Walida, wadda a lokacin ko makaranta ba ta shiga ba. Na huɗu sunana a cikin mutanenmu na garin Greensboro a nan ƙasar Turawa, kuma dillali irina ba shi da jarin da ya wuce sunansa. Na rubuta wannan ne domin duk wanda ya ga gangar ƙarfe mai araha ya tsaya ya yi tambaya, kuma domin wanda ya jawo mana wannan masifa ya san ban manta ba.

Sunana Habu. Karatu ya kawo ni garin nan, kasuwa ta riƙe ni. Da jiha ta yi dokar hana zubar da tsoffin firiji da injin wanki da batirin mota a juji, sai na ga abinci a ciki. Masu kuɗin unguwannin Irving Park da Sedgefield suna biya na in kwashe musu tsohon kaya, in gyara wanda zai gyaru in sayar a gabashin gari, sauran in kai wa masu narka ƙarfe. Dokar nan na san ta kamar yadda na san hanyar gidana, don da ita nake ciyar da iyalina.

Yaya Garba shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu a Funtuwa. Da na samu wuri sai na ɗauko shi. Mahauci ne, kuma a kilishi ban ga na biyunsa ba. Yakan feɗe nama har ka ɗaga shi ka hango hasken taga ta ciki. Kafin ya shekara biyu babu suna ko walimar gama karatu da ba a kira shi ba, har 'yan cocin mutanen Jos da Kafanchan shi suke nema.

A wurin masu narka ƙarfe na haɗu da wani Bature mai ƙatuwar motar ɗaukar kaya. Mu Dogo muke ce masa, kuma a nan ma haka zan bar shi. Yana sayar da ganguna wankakku, jikinsu a kankare tas, babu rubutu ko ɗaya. Mutanenmu suna son ganga don aika kaya gida. Yaya kuwa da ya gan su sai ya ga tukuba: a tsaga ganga biyu, a ɗora mata ƙafafu da waya, a zuba gawayi. Na tambayi Dogo abin da ke cikinsu a da. Ya ce ruwan sukari ne na kamfanin lemo. Na sake tambaya a zuwansa na biyu. Ya dafa ƙirji ya ce ko jaririnsa zai yi wa wanka a ciki.

A can gida, idan an samu ganga, ƙona ta ake yi. Kowa ya yarda wuta tana cinye duk wani datti. Yaya ya fara ƙonawa a bayan gida, maƙwabciya ta kira 'yan kwana-kwana saboda hayaƙi. Ga sanyin hunturu ya shigo. Sai ya koma cikin gareji ya rufe ƙofa, yana bin cikin ganga da wutar gas, yana gogewa da burushin ƙarfe har ta yi fes. Da 'yan Afirka na garuruwan kusa suka ga tukubarsa suka ce su ma suna so. Hunturun nan kaf a gareji ya yi shi, yana fitowa gemunsa fari fat da ƙura.

Ciki ya fara. Yakan murɗa masa har ya durƙusa, bayan gida kuma ya ɗaure. Ya ce bakinsa kamar ya tsotsi kwabo. Matata Hajara ta yi miyar kuka, ya ture kwanon.

"Maman Walida, yau kuma ƙusa kika saka a miyar?"

"Yaya, miyar da ka sha jiya ce ka yi ƙari."

Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma faɗa da kowa. Ran nan Walida ta taɓa wuƙarsa ya daka mata tsawar da ta sa ta ɓuya a bayan kujera, shi kuma ya zauna yana kallon hannunsa kamar ba nasa ba.

Masu shawara suka yi ta zuwa. Wani ɗalibin digiri na uku ya ce ulsa ce, a daina yaji. Wata Hajiya 'yar Nijar ta ce basir ne na ciki, ta kawo sassaƙe. 'Yar'uwarmu ta bugo daga gida ta ce sammu ne, wai kasuwarsa ta buɗe an sa masa ido, ta aiko da rubutu ta hannun wani matafiyi. Duk ya sha. Ban hana ba, don ni ma ba ni da abin da ya fi nasu.

A mako na uku na kai shi imajansi. Ba shi da inshora. Muka zauna tun hantsi har bayan la'asar, yana naɗe a kan kujerar roba, masu katin inshora suna wuce mu. Da aka kira mu likitan bai ko zauna ba. Ya danna cikin, ya rubuta farin ruwan maganin ulsa, ya ce a rage nama. A rage nama, ga mahauci. Takardar kuɗin ta riga sauƙin isowa gida, kuma sauƙin bai zo ba sam.

Ranar da hankalina ya tashi ranar sunan ɗan wani abokinmu ce. Yaya yana yanka, wuƙa ta faɗi. Ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Na duba sai na ga hannun ya lanƙwashe tun daga wuyan hannu yana lilo kamar an karya reshe.

"Habu," ya ce a hankali don kada mutane su ji, "ina ce masa ya tashi, ba ya ji."

Anti Rifkatu tana wurin. Nas ce, mutuniyar Kafanchan, ta daɗe a garin nan kuma ba ta da ɓoye-ɓoye. Ta kama hannun ta ɗaga ta saki, ya faɗi. Ta harare ni.

"Kai Habu, firiji kaɗai ka iya dubawa? Gobe da safe ka kawo shi inda nake aiki. Idan ka tsaya jiran wani sassaƙe ni da kai ne."

Likitar da ta haɗa mu da ita mace ce mai furfura, kuma ita ta zauna. Ta buɗe bakinsa ta nuna mini wani siririn layi mai duhu a gefen dasashinsa. Ta tambaye shi aikin da yake yi. Ya ce nama. Ta ce ban da nama fa? Sai na ba ta labarin gareji. Ta ajiye biro ta ce a ɗebi jininsa yanzu, kuma a kawo duk wanda ke kwana a gidan.

Gubar dalma ce. Maganar da ta yi har yau tana kunnena: "Dalma ba ta ƙonewa. Wuta tashinta take yi ta shiga iska, ku shaƙa. Idan ta gama da jini sai ta shiga ƙashi ta zauna." Ni da Hajara namu da sauƙi. Na Walida ya hau, don gareji ne wurin wasanta, kuma komai ta taɓa sai ta kai baki. Hajara ba ta yi kuka a asibiti ba. Sai da muka shiga mota ta ce, "Baban Walida, wa ya sayar maka da gangunan nan?" Ta san amsa. So take in faɗa da bakina.

Aka kwantar da Yaya, aka fara ba shi maganin da ke jawo dalmar ta fita ta fitsari. Allurar tana da zafi, takan bar shi da amai da jiri. A huta, a auna jini, a ga ta sake fitowa daga ƙashi, a koma. Na sayar da ƙaramar motata ta biyu na kai kuɗin asibiti, suka yanka mini sauran wata-wata. Ina gode wa likitar nan da Anti Rifkatu har in mutu. Amma ofishin kuɗinsu ba su taɓa makara da wasiƙa ba, ko a makon da aka manta ba a canja masa zanen gado ba.

Da muka dawo gida aka ɗaura masa wani katako mai maɗauri a hannu. Hagun ma ya yi rauni. Ni nake yi masa alwala. Ni nake ɓalle masa maɓalli, in kai shi bayi, in jira a ƙofa. Wanda bai taɓa yi wa yayansa tsarki ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Wannan mutum shi ya goya ni ya kai ni kaciya. Yakan juya fuska bango har in gama, ni ma in ɗauke kai. Hajara tana dafa hanta da alayyahu da madara kamar yadda aka ce, tana ba shi a baki yana cewa, "Sannu, Maman Walida, na zama ɗanki na biyu." Ita kuma ta ce, "To buɗe baki, ɗan nan ya fiye surutu." Walida aka kai ta gidan Anti Rifkatu har aka gama wanke gidan, ta dawo tana amsa mana da Turanci fiye da da.

Akwai tukuba da yawa da Yaya ya sayar a waje, kuma mutane suna gasa wa 'ya'yansu nama a kai. Na ɗauki mota na bi su gida-gida, har garuruwan maƙwabta, na karɓo kowace ɗaya na mayar da kuɗi. Wani ya rungume ni. Wani ya ce mun kusa kashe masa iyali, ya rufe ƙofa. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya sayar da kaya shi ya kamata ya bi kayansa. Abin da nake so ke nan a ɗora wa manyan kamfanoni, tunda ni mai tsohon firiji na iya.

Sannan na je wurin Dogo. Na same shi yana cin biredi a kan motarsa. Na gaya masa abin da ya faru, ban ɗaga murya ba. Ya gama taunawa ya ce, "Ganga na sayar muku, ban ce ku dafa abinci a ciki ba. Kuma ku a ƙasarku ai kun saba da abin da ya fi wannan."

Da ya ce ya yi nadama, wallahi da na bar maganar. Na yi murmushi na ce haka ne, na yi masa sallama. Na shiga mota na tafi.

Na je ofishin jiha mai kula da muhalli. Jami'in da na samu mutumin kirki ne, amma ya gaya mini gaskiya. Ya zo ya auna gareji, ya tabbatar da gubar. Ya ce sun san akwai masu karɓar kuɗi a hannun masana'antu don su kai irin waɗannan ganguna inda aka amince a sarrafa su, sai su sayar a hanya su ci biyu. Amma ganga kankararriya ta kowa ce. Idan babu alamar inda ta fito, maganata ce da ta Dogo, kuma na san wanda za a fi saurara.

Da labari ya bazu cewa na kai ƙara, dattijonmu Alhaji Mamman ya zo har gida. Ya fara da duba Yaya, sannan ya ja ni waje.

"Habu, ka bar wa Allah. Ka san akwai yaranmu da takardun zamansu suka ƙare. Idan hukuma ta fara shiga gidajenmu, ba a san inda za ta tsaya ba."

"Alhaji, ku gafarce ni. Lahirarsa na bar wa Allah. Duniyarsa ce nake da magana da ita."

"Kai dai tun asali taurin kai ne da kai."

"Sunan kowa ba zai fito ba sai nawa. Wannan na ɗaukar muku."

Ya tafi bai gamsu ba. Juma'a biyu a masallaci ana ba ni hannu da yatsu uku.

Ni dillali ne. Na san mutum ba ya faɗawa rami sai ta inda yake kwaɗayi, kuma Dogo ya riga ya nuna mini nasa, har da abin da ya ɗauke mu. Na bar makonni suka wuce. Na koma wurinsa na sayi ganga biyu kamar komai ya wuce, na kulle su a inda jami'in ya ce. Na kawo masa lemo mai sanyi. Da ya sake jiki sai na ce masa na samu babban ciniki, zan cika kwantena da ganguna zuwa Afirka, duk abin da yake da shi ina so. Ya ce kankarewa za ta ɗauki lokaci, kuma yaron da ke yi masa ya gudu.

Na ce, "Wace kankarewa? Ka rage mini kuɗin wahalar, ka kawo su yadda suke. A can wa zai karanta?"

Ya yi dariya har da dukan kafaɗata. Ya ce shi ya sa yake son ciniki da ni.

Ranar da ya kawo su filin da nake ajiye kaya, da rana tsaka, motar cike take har sama. Kowace ganga da tambarin masana'antar fenti mai dalma da ta fito da ita, da alamar guba ɓaro-ɓaro, wasu ma da sauran laka a gindinsu. Na bar shi ya sauke da hannunsa. Na miƙa masa kuɗi, ya ƙirga ya sa aljihu. Sannan jami'in da mutanensa suka fito daga bayan layin firiji.

Dogo ya dube su, ya dube ni. Wuyansa ya yi ja. Ya ce, "Kai ka ce ba mai karantawa."

Na ce, "A can na ce. Nan akwai."

Na so Yaya ya ga fuskarsa, amma ya ƙi zuwa. Da na dawo ina ba shi labari har ina kwaikwayon muryar, bai yi dariya ba. Ya ce, "To madalla. Zo ka ɗaure mini wannan abin, ya kwance."

Shari'ar ta ja. Masana'antar ta ce ita ta biya a kai gangunan inda ya dace, ta wanke hannunta, ta ɗauki wani mai mota. Ban yafe musu ba su ma, don wanda ya haifi guba bai kamata ya sallame ta a bakin ƙofa ya juya baya ba. Amma hannuna bai kai gare su ba. Ya kai ga Dogo. An karɓe izininsa, an ci shi tara, an sa shi kwashe abin da ya binne a bayan gidansa. Lauyan da na nema ya ce ko mun yi ƙarar diyya babu abin da za mu samu, bashi ya riga ya cinye mutumin. Ni ma ban tsira ba. An rufe filina har aka gama aunawa, an fasa daɓen gareji an kwashe, masu kira daga Sedgefield suka koma wurin wani.

Da banki ya yi gwanjon motarsa na je. Tsohuwa ce, injinta yana shan mai, kuma wani mai kayan gwangwan ya yi ta ja da ni. Na san ta wuce ƙimarta, na ci gaba da ɗaga hannu. A duk rayuwata shi ne ciniki ɗaya da na shiga ina sane da faɗuwa zan yi. Dogo yana tsaye a baya da hula a hannu. Na karɓi makulli na bi ta gabansa a hankali, na sauke gilashi na gaishe shi.

Da Babbar Salla ta zagayo, katakon ya fita daga hannun Yaya. Yana riƙe kofi, yana jan carbi, yana alwalarsa da kansa. Muka yanka rago a gonar wani Bature da ke sayar mana, muka kawo gida. Ya wasa wuƙa, ya ɗauki cinya, ya fara. Yankan farko ya fito da kauri. Na biyu ya huje. A na uku hannun ya fara karkarwa. Ya daɗe yana kallon naman, sannan ya juya wuƙar ya miƙo mini ƙotar.

"Riƙe. Ni zan faɗa, kai ka yanka."

"Yaya, ni ban iya ba."

"Na sani. Baba ma ya sani, shi ya sa aka kai ka boko. Kwantar da wuƙar. Kwantar da ita na ce, ba firiji kake kwancewa ba."

Na yanka. Ya ɗaga ya duba ta wajen taga ya ce wannan ko takalmi aka yi da shi zai shekara. Hajara ta yi dariya har ta zauna. Haka muka yi kilishin bana, shi yana haɗa labun shafa wa naman da hagu yana zagina, ni ina ɓata nama.

Ga lissafin yadda ya tsaya. Jinin Walida ya sauka, tana makaranta, kuma duk ranar da ta manta wani abu sai gabana ya faɗi, ban san ko yarinta ce ko dalma ba. Sunana ya dawo, Alhaji Mamman da kansa ya aiko a sayi firiji. Asibiti har yanzu ina biya. Dogo ba ya sayar wa kowa ganga, an ce yana gadi a wani gari, kuma ban ji tausayinsa ba ko na rana ɗaya. Motarsa tana ƙofar gidana, da ita nake kwasar kaya. Hannun Yaya ya dawo na cin tuwo, bai dawo na kilishi ba, kuma likita ta ce kada mu sa rai. Na karɓe wa Dogo sana'arsa kamar yadda ya karɓe ta yayana, na duba na ga ba ta shiga hannun Yaya ba. Faɗuwa na yi. Da za a sake buga gwanjon, zan sake ɗaga hannu.